Yadda Ake Zaɓar Mai da Shafa Shi a Ƙotar Tsohuwar Bindigar Soja

Yawancin ƙotocin tsofaffin bindigogin soja da suka lalace, a hannun masu gyara suka lalace. Katakon da ya jure laka da dusar ƙanƙara da shekaru hamsin a rumbun makamai, sai wani ya zo da samfefa da gwangwanin banish ya gama da shi cikin yini guda. Hatiman da masu duba makamai suka buga sun goge, gefunan da ke da kaifi sun daƙushe, ga wani sheƙi da babu rundunar da ta taɓa ba sojanta bindiga da irinsa. Masu tara tsofaffin makamai suna ganin haka daga nesa, farashi kuma nan take yake faɗuwa. Shi ya sa tambayar farko a wannan aiki ita ce: da me aka shafe wannan ƙota tun asali, kuma nawa ne ya rage a jikinta?

Kowace ƙasa da abin da ta shafa

Amurka ta yi ƙotar M1 Garand, wadda sojojinta suka karɓa a 1936, da itacen walnut. Ana tsoma ƙotar ne cikin tankin mai, a ɗaga ta ta tsane, ta bushe. An yi amfani da man linsid, na irin tsiron filas, an kuma yi amfani da man tung, na ƙwayar wata bishiyar ƙasar Sin. Daga baya an yi wasu ƙotocin canji da itacen birch, wanda ya fi haske, aka rina shi don ya yi kama da walnut. Ingila ma man linsid ta dogara da shi wajen Lee-Enfield, har soja da kansa yakan ƙara wa ƙotarsa mai lokaci zuwa lokaci. Nau'in No. 4 yana zuwa da walnut ko beech ko birch, su kuwa na masana'antar Lithgow a Ostareliya da yawansu itacen coachwood ne, mai saurin tsagewa.

Jamus ta fara bindigar Mauser K98k a 1935 da walnut, sannan ta koma ƙotar da aka yi da siraran fallayen beech da aka manne da gam, ana ganin layukansu a jiki. Ita ma mai ne a kanta. Amma akwai tarin K98k da Tarayyar Sobiyet ta ƙwace a Yaƙin Duniya na Biyu, ta gyara su a rumbunanta, ta lulluɓe su da shelak ja, wani danƙo da ake narkarwa a alkohol a shafa. Shelak ɗin nan dai shi ne a kan mafi yawan bindigogin Mosin-Nagant na Sobiyet da aka sabunta bayan yaƙi, bisa itacen birch. Finlan ta bi wata hanya da nata Mosin ɗin, inda ake samun ƙotoci masu duhu da aka jiƙa da haɗin mai da kwaltar itacen fayin. K31 ta Suwizalan ta fara da walnut mai shan mai, bayan yaƙi ta koma beech da shelak mara duhu.

Ta Japan tana bukatar gargaɗi na musamman. Arisaka da yawa an shafe su da urushi, wato ruwan wata bishiya da ke bushewa ya yi tauri. Ƙurarsa tana sa wasu mutane ƙuraje da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma babu wani abu a gwangwani da zai maye gurbinsa. Ƙotar Arisaka a goge ta da tsumma a ƙyale ta.

Maganar K98k mai shelak ɗin Rasha tana raba kan masu tara makamai. Wasu suna wanke shi don a koma kamannin Jamus. Ni a ganina shelak ɗin ya zama ɓangare na tarihin bindigar, shi ne shaidar inda ta bi. In bai ɓarɓare ba, a bar shi.

Gwaji kafin komai

Sanin ƙasar da ta ƙera bindiga bai isa ba, domin wani ya iya shafa mata wani abu a shekarun da suka wuce. Nemi wuri ɓoyayye, kamar cikin kwarin da bututu yake kwanciya ko ƙarƙashin farantin gindi. Ɗiga alkohol a auduga ka dangwala, ka jira kamar minti ɗaya. Idan wurin ya yi laushi yana danƙo, launi ya biyo audugar, shelak ne. Idan bai motsa ba, gwada asiton. Wanda ya narke da asiton nan da nan lacquer ne, wato shafin sheƙi mai saurin bushewa irin na feshi. Wanda ya ƙi duka biyun kuma yana kwance a saman katako kamar fata, yana ƙyalli, to banish ne ko foliyuretan, aikin wani mai gyara. Wanda kuwa babu fata a kansa, hannu yana jin katakon kai tsaye, sai dai datti ya biyo auduga, mai ne.

Sakamakon gwajin shi ne zai faɗa maka girman aikin. Ƙota mai mai tana bukatar wanki da ƙarin mai kawai. Mai shelak tana bukatar faci. Wadda aka yi wa banish ce kaɗai ta cancanci a kankare ta gaba ɗaya, tunda asalin ya riga ya tafi.

Kwance ƙarfe daga katako

Buɗe bindigar ka duba da ido da yatsa cewa babu harsashi a ɗaki ko a gidan harsashi. Sannan ka ɗauki hoton kowane gefe da kowane hatimi, hotunan za su taimake ka wajen mayarwa. Yi amfani da sukundireba da bakinta ya cika tsagar noti daidai, don notocin nan tsofaffi ne, ƙaramin zamewa yana cinye musu kai. Zobban da ke riƙe bututu a zare su a hankali kada su karce katako. Katakon sama da ke rufe bututu siriri ne ƙwarai, ya fi komai saurin karyewa. Na bayan Garand ma da yawa sukan bar shi a jikin bututun su yi aikinsa a nan. A Lee-Enfield nau'in SMLE kuwa akwai ƙa'ida: a cire katakon gaba kafin a taɓa dogon notin da ke riƙe gindi, in ba haka ba ƙarshen notin zai tsaga katakon gaban. Ƙarfen da ya ratsa ƙotar Mauser ko Mosin daga gefe zuwa gefe, wanda ke karɓar bugun harbi, a bar shi a wurinsa.

Wanki da fitar da giris

Nan ne aikin ya fi cin lokaci. Bindigogin da suka daɗe a ajiya ana cika su da Cosmoline, wani giris mai kauri da ke hana tsatsa, kuma katako yana shan sa har ciki. Mai ko shelak ba ya kama katakon da ke tsatsafo da giris, zai yi ta danƙo har abada.

Fara da wayit sifirit, wato tinar fenti marar zafi, da tsumman auduga. Tana narkar da giris da datti, ba ta taɓa shelak, ba ta kuma cire tsohon man da ya riga ya bushe a cikin katako. Goge, juya tsumma, sake gogewa, har tsumman ya daina baƙi. Ƙotoci da yawa a nan aikinsu yake ƙarewa, sai ka ga jan launi mai kyau ya fito daga ƙarƙashin dauɗa.

Giris ɗin da ya shige cikin katako kuwa zafi ne ke fito da shi. Cosmoline yana narkewa a wajen digiri 50 na ma'aunin Selsiyos. Naɗe ƙotar da takarda mai tsotsa, saka ta cikin baƙar leda, ajiye a rana na wasu sa'o'i, fito da ita ka goge gumin da ta yi da wayit sifirit. Za a maimaita sau da yawa. Na'urar busar da gashi ma tana yi, wuri-wuri, ana gogewa da zarar giris ya tsatso. Abin da ake gudu shi ne zafi mai yawa lokaci guda, wanda ke tsaga katako ko ya lanƙwasa shi.

Akwai wuraren da suka yi baƙi ƙirin, galibi bayan gidan ƙarfe, wato babban ƙarfen da bututu yake ɗaure a jikinsa, da wajen kunama, inda man bindiga ya yi shekaru yana gangarowa. Katakon wurin yakan yi laushi, kuma nan ne ƙota ke karɓar bugu. Kwaɓa garin alli da asiton ya yi kauri, shafa a wurin, bari ya bushe. Asiton yana narkar da man, allin yana tsotse shi ya koma ruwan ƙasa. Kakkaɓe da buroshi ka sake. Asiton yana kama wuta da sauri, tururinsa ma ba na shaƙa ba ne, don haka a yi a fili da safar hannu.

Za ka ji ana ba da shawarar maganin wanke murhu, ko a jefa ƙota cikin injin wanke kwanoni. Dukansu suna fitar da giris, gaskiya ne, sai dai garin neman gira a rasa ido. Sinadarin da ke cikin maganin murhu yana cin jijiyar katako ya bar shi fari-fari ko toka-toka, ruwan zafi kuma yana kumbura hatimai su shafe, yana buɗe tsofaffin tsagogi, yana iya raba fallayen ƙotar Jamus.

Idan banish ne a kai, sami maganin cire fenti, shafa, jira ya tattare, kankare da katin roba. Kada a sa wuƙa ko reza.

Lotsawa, tsaga da samfefa

Lotsawar da ba ta yanke jijiyar katako ba tana tashi da tururi. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kanta, danna bakin dutsen guga mai zafi na daƙiƙu kaɗan, ɗaga ka duba. Inda katakon ya yanke ko ya ɓantare, tururi ba ya mayar da shi. Ka tuna cewa hatimi shi ma lotsawa ce, da gangan aka yi ta. Tururi ya kusance shi, ya tafi. Rufe da'irar P da ke ƙarƙashin mariƙin Garand, da ƙananan gaggafan Jamus, da lambobin da aka buga a gindi, ka yi nesa da su. Kuma ba kowace lotsawa ce sai an tayar ba. Bindigar da ta je yaƙi, in ta fito sumul, ita ce abin tuhuma.

Tsaga dabam ce, dole a gyara ta, musamman a wuya ko bayan gidan ƙarfe. Wanke cikinta da asiton sau da yawa har mai ya fita, don gam ba ya kama mai. Buɗa ta kaɗan, tura gam ɗin ifoksi mai jinkirin bushewa ya shiga can ciki, ɗaure da robar tayar keke ko igiyar roba, goge wanda ya fito tun bai daskare ba, ka bar ta kwana guda.

Samfefa kuwa, shawarata kada ta taɓa ƙotar asali. Tana cire saman katakon da ya ɗauki shekaru yana rinewa, ƙarƙashinsa kuma fari ne. Tana rage kaurin katako a inda ya haɗu da ƙarfe, alhali a masana'anta katakon ne yake ɗan ɗara ƙarfen tudu. Idan ruwa ko tururi ya tayar da gashin katako, soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ko soson roba mai laushi ya isa ya kwantar da shi, ana bin tsawon jijiya. Bayan soson ƙarfe a kakkaɓe sosai, domin ɓurɓushinsa yana tsatsa ya bar ɗigo-ɗigon baƙi a walnut. Cikin ƙota, inda ƙarfe yake zama, ba a rage ko kaɗan: matsewar wurin ce ke sa bindiga ta yi saiti.

Wane mai?

Ɗanyen man linsid, wanda ake matsowa daga irin tsiron filas, shi ne na asali a yawancin bindigogin Amurka da Ingila da Jamus. Yana shiga katako sosai, amma shafi ɗaya yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako ko fiye, kafin ya bushe. Bushewar tasa ba ƙafewa ba ce irin ta ruwa. Iskar oksijin ce ke haɗuwa da man ya daskare a cikin katako. Wannan haɗuwa tana ci gaba shekara da shekaru, ita ce ke kawo jan launin nan da ake so a tsohuwar Garand.

Wanda ake kira dafaffen man linsid a yau ba dafa shi ake yi ba. Ana zuba masa sinadaran ƙarfe irin su kobalt da manganis don ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi mafi yawan mutane suke amfani da shi, kuma ya wadatar. Yana ɗan fin ɗanyen sheƙi in an yawaita shafi.

Man tung, daga ƙwayar wata bishiya ta ƙasar Sin, ya fi linsid hana ruwa shiga, ba ya ƙyalli, ba ya kuma duhu sosai da tsufa. Ga bindigar da za a riƙa fita da ita cikin damina ko raɓa, ya fi dacewa. Sai dai a karanta gwangwani da kyau. Kayayyaki da yawa suna ɗauke da sunan tung alhali banish ne da aka tsinka da tina. Nemi wanda aka rubuta cewa tsantsa ne, babu gauraye.

Tru-Oil da makamantansa an yi su ne don bindigar farauta mai sheƙi. Suna taruwa a saman katako su yi fata. A ƙotar soja ba su da wuri, haka ma foliyuretan.

Shafa mai

Bari ƙotar ta kwana biyu bayan wanki don duk tina ta fita. Shafin farko a tsinka man da tafentain, wato tinar itacen fayin, ko wayit sifirit, rabi da rabi, don ya shiga ciki. Shafa da tsumma ko'ina, har da cikin kwarin bututu da ƙarshen gindi da ke ƙarƙashin faranti, inda katako ya fi shan ruwa. Wurin da ya shanye nan da nan a ƙara masa. Bayan minti 20 zuwa 30, ɗauki busasshen tsumma ka goge duk man da ya rage a sama, gogewa ta gaske, har ƙotar ta zama kamar ba a shafa mata komai ba.

Wannan gogewa ita ce sirrin aikin gaba ɗaya. Man da ya shiga katako shi ne mai amfani. Wanda aka bari a sama yana zama danƙo, ya kama ƙura, na tung kuma ya yamutse ya yi fari. Bayan awa ɗaya a sake dubawa, don katako yakan dawo da ɗigon mai daga ƙananan ramukansa. In ka makara har ya yi danƙo, jiƙa soson 0000 da sabon mai da tafentain ka murza, zai narke, sai ka goge.

Rataye ƙotar inda iska ke wucewa, ba ƙura, ba sanyi. Dafaffen linsid a ba shi awa 24 zuwa 48, tung kwana biyu zuwa uku, ɗanyen linsid mako guda. Hanci da hannu ne alƙalai: in tafin hannu yana ɗan mannewa, ko warin ɗanyen mai yana da ƙarfi, bai yi ba.

Daga shafi na biyu ba a tsinka man, kuma kaɗan ake sawa. Ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu sun isa gefe guda na gindi. Murza da ƙarfi har wurin ya yi ɗumi, matsa gaba, sannan a goge kamar farko. Mai amfani da dafaffen linsid ya sa safar hannu ta roba saboda sinadaran bushewar. Tsohuwar ƙota da aka wanke kawai, shafi biyu ko uku sun ishe ta. Wadda aka kankare tana iya shan biyar ko shida. Alamar tsayawa ita ce katako ya daina sha, launi ya daidaita ko'ina, ga ɗan haske mai laushi. Ƙananan ramukan walnut su kasance a buɗe; cike su aikin bindigar ado ne.

Tsumman da ya sha man linsid ko tung yana iya kama wuta da kansa. Haɗuwar man da iska tana fitar da zafi, in tsumman yana dunƙule zafin ba shi da mafita, sai ya taru har ya tashi. Gidaje da shagunan kafintoci sun ƙone ta wannan hanya. Ko dai a shanya kowane tsumma a buɗe a waje kan siminti har ya bushe ƙarau, ko a nutsa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa a rufe.

Idan shelak ne

Shelak danƙo ne da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi ɓarɓashi, daga mai haske zuwa ruwan zuma zuwa ja mai duhu. Na ƙarshen shi ya fi kusa da launin Mosin. Kyawunsa shi ne sabo yana narkar da tsoho su zama ɗaya, don haka ba sai an kankare ba. Inda ya tsattsage kawai, buroshi mai laushi da aka tsoma a alkohol, a ja shi sau ɗaya a wuce, yakan narkar da shi ya sake kwanciya.

Inda ya ɓare har katako ya fito, narkar da kamar giram 120 zuwa 180 na ɓarɓashi a lita ɗaya ta alkohol, ko daidai wannan kaso a ƙaramar kwalba, ka bar shi ya kwana, ka tace. Fara cike guraben da ƙaramin buroshi, sannan ka bi ƙotar duka da shafi siriri. Yana bushewa cikin mintuna, saboda haka ba a komawa kan wurin da aka wuce. A jira awa ɗaya ko biyu a sake. Shafi biyu ko uku sun isa. Kada a yi ranar da iska ke da laima sosai, yana yin hazo-hazo fari. Wanda aka haɗa ya wuce wata shida a zubar, ba ya bushewa da kyau. In sheƙin ya yi yawa, bayan kwana uku a bi shi da soson 0000 a hankali. Ba a bukatar ya fito sumul, na rumbunan Sobiyet ma da saurin hannu aka shafa shi, har da sawun buroshi.

Rini

Ana bukatarsa ne kawai idan an canza wani ɓangare, misali sabon katakon sama da ya fi gindi haske. Rinin da ake narkarwa a alkohol shi ke shiga katakon da ya taɓa shan mai, kuma shi ya fi dacewa da birch da beech, waɗanda ke yin dabbare-dabbare da rinin mai. A tsinka shi sosai, a gwada a ciki, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kafin a sa mai. A tsaya tun yana ɗan fin abin da ake so haske, domin mai zai ƙara masa duhu.

Kaki da mayar da ƙarfe

Bayan shafin ƙarshe ya yi mako biyu, wanda yake so zai iya bi da haɗin kakin zuma da tafentain da dafaffen linsid, kashi ɗaya-ɗaya. Ana narkar da kakin ne a kwanon da aka ɗora cikin ruwan zafi, a sauke, a yi nesa da wuta, sannan a zuba sauran biyun a juya har ya huce. A shafa kaɗan, a jira rabin awa, a goge da tsumma mai laushi. Yana ƙara hana ruwa, amma duk ranar da za a ƙara mai sai an fara wanke shi da wayit sifirit.

Kafin mayar da ƙarfe, duba kwarin bututu da mazaunin gidan ƙarfe, ka kankare duk wani busasshen mai da ya taru. Shafa giris siriri a ƙarfen da katako zai rufe, siriri ƙwarai, kada ya koma cikin itacen da ka sha wahalar wankewa. Ɗaure notoci su kama ba tare da an murƙushe katako ba. Daga nan ƙota mai mai tana bukatar ɗigo kaɗan sau ɗaya a shekara, ko duk lokacin da ta yi fari-fari. Bayan an sa wa bututu mai, a jingine bindigar baki ƙasa na kwana ɗaya ko biyu, don rarar man ta fita ta baki maimakon ta gangara cikin wuyan ƙota.